Yatsa na Bakwai

A danginmu ba a tambayar yarinya ajinta nawa, hannunta ake dubawa. Kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Inna, ita ta fara wannan al'ada a kan 'ya'yanta mata, ta zarce da ita kan jikoki. Duk shekara, ranar Asabar ta ƙarshen dogon hutu, sai a tattara mu a gidanta da ke Ƙofar Ran ta ƙunsa mana lalle. Ba duk hannu take yi wa ba, gaɓar ƙarshe ta yatsa kawai, har da farce. 'Yar aji ɗaya yatsa ɗaya, 'yar aji biyu yatsa biyu, haka ake ta hawa. Daga ƙaramin yatsan hagu take farawa. Idan an shiga sakandare ba a sake sabon lissafi, ɗorawa ake yi. Wadda yatsunta goma suka cika, sai a ƙara mata ɗigo a tsakiyar tafin hannu, ɗaya a shekarar kusa da ƙarshe, biyu a ta ƙarshe.

Inna ba ta karanta boko. Idan aka miƙa mata takardar sakamako, takan riƙe ta da hannu biyu kamar faifai, ta juya bayanta, ta ce Allah ya yi albarka, ta mayar. Cewa take yi jikoki sun yi mata yawa, ba za ta iya riƙe lissafinmu a ka ba, kowa ta riƙe nata a hannu. Idan muka je gaishe ta, kafin mu gama durƙusawa ta kamo hannu ta kai kusa da idonta na hagu, don na dama ya yi hazo. Sai ta ƙirga a fili, sannan ta amsa gaisuwa.

Lallen daga Miri yake zuwa. Baffanmu da ke noma a can yana da bishiyarsa a bayan rumbu, shi yake kawo busasshen ganyen a bayan mashin, tare da ɗanyar gyaɗa sabon tono. Goggo, ƙanwar Baba da ke zaune tare da Inna, ita ke dakawa ta tankaɗe. Kwaɓi kuwa Inna ba ta barin kowa ya yi mata. Tana da wata tsohuwar tasa mai ɗan tsagu a baki, a ciki take kwaɓawa, ta matse lemun tsami. Duk hutun tara ledar burodi take yi, ta wanke, ta shanya, ta yayyanka sala-sala. Da ita take naɗe kowane yatsa, ta ɗaure da zare, ta gutsure zaren da haƙori.

Bayan azahar ake farawa, ba a kwancewa sai an kusa la'asar. A tsakanin nan zama ake yi a tabarma, hannu a sama, ba a taɓa komai. Goggo ta dafa gyaɗar ta juye a tire. Ƙananan da hannunsu na dama yake sake su ci da kansu. Manya kuwa, daga mai yatsa bakwai zuwa sama, ɓare musu ake yi a sa musu a baki. Wannan ne abin da kowace yarinya take jira. Na yi shekaru ina ɓare wa Yaya gyaɗa, tana cewa waccan ta yi ƙanƙanta, in zaɓo mai 'ya'ya uku.

Su maza ba ruwansu da lalle. Wanzami ake kira musu a zaure ya yi musu ƙwal-kwabo. Ƙanena ya taɓa tambayar Inna yadda take gane ajinsu. Ta ce, "Ku ai ba sai an ƙirga ba, duk shekara ƙarin ci kawai kuke yi."

Jan da ke kan fata ba ya daɗewa, wanki da wanke-wanke suke cinye shi. Na farce shi ne mai zama. Farcen yana tsirowa, jan yana matsawa sama, fari yana biyo shi daga ƙasa. A aji, idan malami ya juya yana rubutu a allo, shi nake kallo. Idan jan ya kai rabi, na san an kusa gwajin tsakiyar zango. Idan ya zama siririn layi a baki, jarrabawa ta zo. Ban taɓa gaya wa kowa da shi nake auna zango ba. Dama ni ba mai magana ba ce. Inna ma Kurma take ce mini, wani lokaci Kurmar gidana.

Shekarar da na gama firamare na ci jarrabawar wata makarantar 'yan mata, ba wadda Yaya da sauran 'yan uwanmu suke zuwa ba. A tasu ba wanda ya damu da lalle. Ranar da muka je karɓo yadin yunifom da Umma, malamar da ke rabawa ta kalli hannun Umma, wanda ya sha ƙunshin biki, ta kalle ni.

"Hajiya, ke naki ba laifi, amma ita kar mu gani. Ba lalle, ba kwalli, ba ɗan kunne mai lilo. Duk Litinin ana duba farce a taron safe."

Umma ta ce to. A cikin keke napep, har muka isa Tirwun inda gidanmu yake, yadin kawai take ta shafawa a cinyarta.

Da yamma, Baba yana cin abinci, ta gaya masa.

"Sai ka yi wa Inna bayani kafin Asabar."

"Wannan ai maganarku ce ta mata."

"Ni ce zan je in ce wa Inna ta bar abin da take yi tun kafin a kawo ni gidan nan?"

Baba ya tauna lomarsa, ya nuna ni da cokali. "Ita mai makarantar ba ta da baki ne?"

Yaya ta yi dariya har ta ajiye kofin da ke hannunta. "Baba, wannan ce za ta yi magana? Ko kunama ce ta harbe ta, sai dai a ga kumburi."

A haka maganar ta tsaya. Kowa ya ɗauka wani zai faɗa. Ni kuma abu biyu ne a raina. Ba abin da nake tsoro a duniya kamar a fito da ni gaban mutane ana kallona. Amma kuma yatsan nan na bakwai tun ina 'yar aji ɗaya nake jiransa, kuma na san yadda fuskar Inna take yi idan an ƙi abin da ta miƙo.

Ranar Asabar, a hanya, na shirya abin da zan ce. Gajere ne: Inna, makarantarmu an hana. Na yi ta maimaita shi a zuci daga Tirwun har keke ya sauke mu a bakin lungu. Da layi ya zo kaina, ta kamo hannuna na hagu, ta naɗe biyar tana magana da Goggo a kan tsadar manja. Ta kamo na dama, ta naɗe ƙaramin. Sai ta riƙe na kusa da shi, ta ɗan girgiza shi.

"Kurma an girma. Yau kuma wa zai ɓare miki?"

Na kalli Umma. Tana can bakin madafi ta ba mu baya, tana wanke tukunyar da na ga ta riga ta wanke. Inna ta ɗebo lalle da yatsa, mai sanyi, ta shafa. Maganar da na shirya tana bakina har ta gutsure zaren.

'Yar Goggo mai yatsa uku ce ta ɓare mini gyaɗa. Ban ce mata ta zaɓo mai 'ya'ya uku ba, amma da kanta ta riƙa zaɓowa. Da aka kwance, lallen ya kama fiye da kowace shekara, ja mai duhu kamar zoɓo. Inna ta ce ganyen bana mai kyau ne.

Washegari Lahadi, bayan na goge yunifom na wanke safa, tsoro ya dawo. Na dirje yatsun da lemun tsami, na dirje da garin sabulu da dutsen goge ƙafa, ba abin da ya ragu. Yaya ta ce ƙawayenta da reza suke kankare farce. Ta ba ni sabuwa, ta tafi islamiyya. Na zauna a bayan ɗaki na fara da hannun dama, don shi ake fara gani, kuma da sabon yatsan, don shi ya fi ja. Da hagu nake riƙe da rezar, ba ta zauna mini daidai ba. Jan gari yana zubowa a zanina kaɗan-kaɗan. Farcen ya yi fari, amma ya yi laushi, ya ɗauki zafi, ko iska ta taɓa shi sai na ji. Ina shirin kama na biyu Umma ta zo kwashe shanya. Ta karɓe rezar.

"Yatsan za ki cire gaba ɗaya? Bari haka nan. Abin da zai faru ya faru."

Ranar Litinin muka yi layi a filin makaranta. Na ɓoye hannuna cikin hijabi har aka gama addu'a da sanarwa. Sai manyan ɗalibai suka biyo layi ɗaya bayan ɗaya, kowa ta miƙo hannu, baya a sama. Wadda ta zo kaina ba ta ma tsaya ba, ta ce, "Fita gaba." Muka tsaya mu kaɗan muna fuskantar makaranta duka. Sauran na biki ne a hannunsu, baƙi mai zanen fure. Ni ƙasa nake kallo. Malamar da ta ba mu yadi ta zo ta tsaya a gabana. Igiyar takalminta ta hagu ta taɓa tsinkewa, an ɗinke da baƙin zare, takalmin kuwa ruwan ƙasa ne.

"Ba ke ce na yi wa magana a gaban mahaifiyarki ba?"

Na gyaɗa kai.

"Da baki ake amsa mini."

Na ce ni ce, amma ba na jin ta ji. Ba ta dake mu ba. Ta ce duk Litinin za mu fito gaba, in an watse mu share ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya da ke bayan azuzuwa, har sai hannunmu ya koma yadda Allah ya yi shi.

Masu zanen fure nasu a fata yake, ba a daɗe ba ya goge, suka koma layi. Ni kaɗai na rage. Duk Litinin, tun kafin a zo kaina nake fita da kaina, don ya fi sauƙi a kan a kira ni. 'Yan ajinmu ba su riƙe sunana ba, Mai Jan Farce suke cewa. 'Ya'yan darbejiya idan sun nuna sun faɗo, manne wa tsintsiya suke yi, sai an sa hannu. Duk Lahadi ina yanke farcen har sai ya kusa nama, ko zai yi saurin ƙarewa. Ba ya sauri. A da ina son yadda yake tafiya a hankali.

Mukan je gaishe da Inna ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na yi ta zillewa, yau aikin gida, gobe ciwon kai, har wata Juma'a Baba ya ce Inna tana cigiyata, in shiga keke. Ko yunifom ban cire ba.

Tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan buzu. Na durƙusa, ta kamo hannu kamar kullum. Lokacin jan fata ya riga ya tafi, saura na farce. Ta ƙirga na hagu, biyar. Ta kamo na dama.

"Shida."

Ta sake kai shi kusa da ido, ta juya shi wajen haske, ta sake farawa daga ƙaramin yatsan hagu.

"Shida. Ni bakwai na sa."

Ta ɗago ta kalle ni.

"An mayar da ke firamare ne? Ko faɗuwa kika yi aka ɓoye mini, aka bar ni ina ta ƙunsa abin da ba shi ba?"

Muryarta ta canza. Goggo ta daina tankaɗen da take yi. Inna ta aika a kira Baba daga zaure. Ya shigo yana gyara hula, ya ga hannuna a nata, ya gane.

"Inna, ai abin da ya faru shi ne..."

"Ba kai na tambaya ba. Mai hannun na tambaya."

Kaza tana tonon ƙasa a gindin randa. Umma tana tsaye ta sunkuyar da kai. Inna ba ta saki hannuna ba, kuma na san ba za ta saki ba. Idan na yi shiru, za ta kwana da cewa na faɗi jarrabawa kuma an yi mata ƙarya.

Na ce, "Ban faɗi ba."

"Ɗaga murya, kunnena ba na yarinya ba ne."

Na ɗaga. Na ce ina aji ɗaya na sakandare. Na ce makarantar an hana lalle, an gaya mana tun kafin a koma. Na ce ni na kankare da reza, ɗaya na yi aka karɓe. Na faɗi fitowa gaba, na faɗi shara. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gidan ba. Yaya ta ce daga baya har leƙowa ta yi ta ga ko baƙuwa aka yi.

Inna ta shafa farcen da babban yatsanta. Ya riga ya fara kauri, amma yana da kaushi.

"Da ciwo?"

"Ya daina."

"Kuma gaban mutane ake fito da ke?"

"Duk Litinin."

"Ke ɗin?"

Na ce e. Sannan ta juya wajen Baba da Umma.

"Manya biyu, da bakinku da komai, kuka bar wa Kurma saƙo."

Baba ya shafa gemu ya ce a yi haƙuri. Ya ce tunda haka dokar take, ita wannan sai a bar mata lallen kawai, ai ga takardar sakamako.

"Takardar da kai za ka karanta mini? Kai da ka kasa kawo mini magana ɗaya daga Tirwun?"

Goggo ta juya baya, tana danne dariya. Inna ta dawo kaina.

"Me da me suke dubawa?"

"Hannu. Da kunne, da ido."

"Ƙafa fa?"

"Safa muke sawa. Ba a cirewa."

Ta kalli ƙafata. Farar safa ce har ƙwauri, ƙasanta ya yi ja da ƙurar lungu.

"Cire mu gani."

Na cire. Ta kama yatsun ƙafar tana taɓa su ɗaya-ɗaya, kamar mai zaɓen tumatir. Ta ce ƙanana ne amma za su yi. Ta ce wa Goggo ta duba cikin gwangwanin madara da ke kan kabad, akwai ragowar gari. Ledar burodi ta ƙare, sai aka yanka ta sukari. Ranar ni kaɗai aka yi wa, biyar a hagu, biyu a dama, na zauna a tabarma na miƙe ƙafa har aka kira la'asar. Ba gyaɗa, lokacinta ya wuce. Ko da akwai ma, hannuna a sake yake.

Wannan bai hana ni shara ba. Na ci gaba da fita gaba duk Litinin har darbejiya ta daina zubar da 'ya'ya, ta koma zubar da ganye. Ana saura kaɗan a fara jarrabawa na yanke layin ja na ƙarshe. Litinin ɗin na tsaya a layi na miƙa hannu. Babbar ɗalibar ta juya shi sama da ƙasa, ta ce, "Yau ba fita?" Ta wuce. Sunan dai bai bar ni ba, har yanzu akwai masu kirana Mai Jan Farce, ciki har da waɗanda ba su taɓa ganin jan ba.

Na ƙafa ba ya tafiya kamar na hannu. Farcen ƙafa a hankali yake tsirowa, har sabon ƙunshi ya zo akwai sauran tsohon a babban yatsa. Don haka ba na iya auna zango da shi, sai dai in duba kalandar aji kamar kowa. Gyaɗa ma tun daga shekarar ba a sake ɓare mini ba. Na samu sau ɗaya, shi ke nan. Sai dai tunda ba na iya taka ƙasa in an ƙunsa, ƙananan ne ke kawo mini ruwa, su kore mini ƙuda.

Bana ina aji biyar na sakandare. Yatsun ƙafa sun cika tun bara, an sa mini ɗigon farko a tafin ƙafar hagu. Na yi ta janyewa saboda cakulkuli, Inna ta ce in tsaya ko ta sa mini a goshi. 'Yar Goggo da ta ɓare mini gyaɗa ta ci jarrabawar makarantarmu, ita ma bana na ƙafa aka yi mata. Ba wanda ya aike ni, ni na je na gaya wa Inna tun hutu bai yi nisa ba.

Idon Inna na hagu shi ma ya fara hazo. Yanzu idan na je ranar Juma'a, safa nake fara cirewa a bakin ƙofa, in zauna in ɗora mata ƙafar a kan buzu, ta sunkuya ta ƙirga. Sauran dangi ma sun saba. Idan na shiga gidan suna ko na biki, gwaggwanni ba sa kama hannuna, ƙasa suke kallo. Ni kuwa dama can nake kallo.